Rufaida Ba Ta Barci a Gummi

MAIMUNATU: Alo? Salamu alaikum. Alo? Wa ka magana?

BASIRA: Wa alaikumus salam. Yaya, ni ce, Basira.

MAIMUNATU: Wa? Nasiru?

BASIRA: Basira! Ƙanwarki ta Gummi!

MAIMUNATU: Af, Auta! Tsaya, kak ki kashe, bari in hau tudun bayan rumbu, nan ɗai sabis ka tsayawa. Yawwa. Kina jina?

BASIRA: Yanzu ina jinki sarai. An wuni lafiya?

MAIMUNATU: Lahiya lau. Ƙaƙa gida? Ƙaƙa gajiya?

BASIRA: Alhamdu lillahi. Ya damina? Ya jikin Inna?

MAIMUNATU: Damina ta yi kyau, gero ya hi mutum tsawo. Inna kau sai gwiwa, ita ka damunta. Ta ce a gaishe ki, ta ce kin manta da ita tun da kinka samu gidan siminti.

BASIRA: Kai, Inna! Ki ce mata ina nan tafe. Ya babansu? Ya ƙaramar 'yarki Safa?

MAIMUNATU: Dut lahiya. Ina Malam Atiku? Ina ɗana Khalilu, ya hwara tahiya?

BASIRA: Har gudu yake yi. Malam yana masallaci, suna karatun bayan isha'i.

MAIMUNATU: Madalla. Akuyar nan taki mai ƙaho guda, ta haihu?

BASIRA: Yaya.

MAIMUNATU: Na'am?

BASIRA: Kin tambayi mijina, kin tambayi ɗana, kin tambayi akuyata. Mutum ɗaya ya rage a gidan nan, kuma ke kika haife ta.

MAIMUNATU: Ke ad da ɗiya, ba ni ba. Na ba ki ita, mi za ni tambaya?

BASIRA: Wannan kunyar 'yar fari taki za ta kashe ni. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin sunan Rufaida a bakinki ba. Ko a waya ma, da ba mai ganinki?

MAIMUNATU: Ke kinka yi boko, ki yi ta kiran naki da suna. Tau, tana lahiya?

BASIRA: Lafiya lau take. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta. Sai dai...

MAIMUNATU: Sai dai mi? Alo? Auta, sai dai mi?

BASIRA: Kada hankalinki ya tashi. Yau ta faɗi a makaranta.

MAIMUNATU: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hwaɗi? Wane irin hwaɗi?

BASIRA: Suna tsaye a layi da safe, kawai sai ta sulale. Malamarsu ce ta kawo ta gida. Ba ta ji ciwo ba, wallahi ko ƙwarzane babu. Mun kai ta asibiti, an ɗebi jini, babu zazzaɓi, babu komai. Nas ɗin ta dube ta, ta dube ni, ta ce, yarinyar nan yaushe rabonta da barci? Yaya, na ji kunya. Sati uku tana hannuna, kuma tun ranar da ta zo ba ta yi barcin dare na kirki ba.

MAIMUNATU: Sati ukku! Kuma sai yau kika gaya man?

BASIRA: Na ɗauka baƙunta ce, za ta saba. Kuma ku da abin da ke kanku, in ƙara maki da wannan?

MAIMUNATU: Mi taka yi in dare ya yi?

BASIRA: Tana kwanciya kamar kowa. In na leƙa, sai in tarar da ido biyu, tana kallon ƙofa. In na ce, Rufaida, ba ki yi barci ba? Sai ta ce yanzu ta farka. Da rana kuwa a aji sai gyangyaɗi. Idonta duk ya faɗa. To shi ne Malam ya ce...

MAIMUNATU: Yac ce mi? Sabis na ka yankewa, ɗaga murya.

BASIRA: Ya ce ranar Asabar zai mayar maku da ita.

MAIMUNATU: A'a! A'a, Basira! Kak ku yi man haka!

BASIRA: Ba don ya gaji da ita ba, wallahi yana sonta kamar Khalilu. Cewa ya yi amana ce, ba zai zuba ido ta lalace a hannunsa ba. Ita ma da ya tambaye ta, ta ce a can tana barci.

MAIMUNATU: Can ina? Cikin gero? Ke kin san inda muka kwana? Har yau ba mu kwana ɗaki. Ana gama isha'i kowa shi ɗauki tabarma tai da goyo nai, sai gona. Yanzu haka mata na can suna naɗe kaya. Shekaranjiya munka ji baburan 'yan bindiga ta wajen Zugu, har asuba ba wanda yam motsa. Nan za a maido man budurwa? Ki roƙe shi, don Allah. Ki ce ni na roƙe shi.

BASIRA: Na roƙa, Yaya. Ya ce in ya ga ta yi barci ko dare ɗaya ne, zai janye. Kwana uku ke nan ya rage mani. Shi ya sa na kira ki.

MAIMUNATU: Tau. Tau, bari in zamna. Gaya man, wane aiki taka yi maki da rana?

BASIRA: Aiki? Haba! Yarinyar da ta sha wuya haka zan sa aiki? Ko tsintsiya ban bari ta taɓa ba.

MAIMUNATU: La'ilaha illallahu. Yarinyad da ka surhe tiya biyu kahin hantsi, ta ɗebo ruwa sahu huɗu, ita kinka aje awa amarya? Da mi jiki za shi gaji? Ba ta turmi! Ba ta tulu! In tad dawo makaranta ta yi maki daka, ta yi wanki, rana ta taɓa ta.

BASIRA: Ai mu inji muke kaiwa.

MAIMUNATU: Ku bar kaiwa. In tad dawo, kwana taka yi?

BASIRA: Tana ɗan kwantawa bayan la'asar, ni kuma ba na tashinta, tausayi take ba ni.

MAIMUNATU: Kwanan la'asar! Wa yat taɓa barin yaro shi yi kwanan la'asar gidanmu? Da Inna ta ji, da kin sha zagi. Ki tashe ta ko tana kuka. Da dare mi kika ba ta?

BASIRA: To, a farko shayi nake haɗa mata, mai kauri, da madara da burodi. Kuma ina ba ta wayata ta kalli fim, don ta ɗebe kewa.

MAIMUNATU: Shayi! Abin da 'yan sintiri ka sha don kak ido shi ruhe, shi kika ɗura mata?

BASIRA: Na sani, na sani, kada ki cinye ni. Maƙwabciyata ta riga ki yi mani faɗa, kwana biyar ke nan da na daina. Wayar ma na karɓe. Yanzu kunun gyaɗa nake dama mata mai ɗumi, ta yi wanka da ruwan zafi bayan magariba. Malam yana zaunar da ita su karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a hannu ta shafe jiki. Har man shanu na shafa mata a ka. Duk na yi, Yaya. Sai ta yi hamma, ta yi hamma, ido ya kawo ruwa, ta kwanta, shi ke nan kuma ido ya bushe.

MAIMUNATU: Ba ku dai ba ta ƙwaya ba ko?

BASIRA: Wani ya ce a sayo a kemis. Malam ya ce ba a gidansa ba.

MAIMUNATU: Allah shi yi mai albarka. Ina taka kwanciya? Wurinki?

BASIRA: A'a, ɗakin baƙi na gyara mata, ita kaɗai. Katifa sabuwa, labule, har da fanka mai sola. Ƙofar ma akwai sakata ta ciki da ta waje.

MAIMUNATU: Ita ɗai.

BASIRA: Ai budurwa ce, na ce ta samu sararinta.

MAIMUNATU: Auta, tun da anka haihe ta ba ta taɓa kwana ita ɗai ba, ko dare guda. Kin ɗauke ta kin kulle awa buhun gero.

BASIRA: Wallahi gata na yi niyya.

MAIMUNATU: Na sani. Ke dai komi naki da yawa kika yin shi, tun kina ƙarama.

BASIRA: To ai jiya na shimfiɗa tabarma a ɗakin na kwana tare da ita, duk da haka ba ta runtsa ba. Ni ce ma na wahala, don sai tashi nake ina mayar mata da ƙafa cikin gidan sauro. In mayar, ta fitar. In mayar, ta fitar. Sau huɗu! Sauro duk ya cinye mata idon sawu, ga damina, ina tsoron zazzaɓi. Har na yi mata tsawa, na ce wai ke wace irin kwanciya ce wannan? Alo? Yaya? Alo, kin tafi ne?

MAIMUNATU: Ina nan.

BASIRA: Na ji shiru.

MAIMUNATU: Wace ƙahwa?

BASIRA: Ta hagu. Kullum ita. Me ya faru?

MAIMUNATU: Babu komi.

BASIRA: Yaya, muryarki ta sauya. Kuka kike?

MAIMUNATU: Hayaƙi na, wasu sun hura wuta.

BASIRA: A kan tudun bayan rumbu? Ki faɗa mani. Asabar fa ta kusa.

MAIMUNATU: Ki rantse ba ki gaya ma Inna. Ko babansu bai sani ba.

BASIRA: Na rantse.

MAIMUNATU: Ni ka riƙe ta.

BASIRA: Kina riƙe me?

MAIMUNATU: Ƙahwar. In munka kwanta cikin gero, ni ba ni kwanciya, zamne nika kwana, Safa bisa cinya. Ita kuma ta kwanta dama gare ni, ta miƙo man ƙahwa, in riƙe idon sawunta. Cikin gona ba a magana, ko tari ba a so. Shi na munka yi da ita, muddin hannuna na nan lakwas, ta yi kwananta, ni ka saurare. In nim matsa, ta tashi ta ruga, kak ta tsaya neman kowa.

BASIRA: Wayyo Allah. Wayyo, Yaya. Ashe hannu take nema, ni kuma ina ta tura mata ƙafar ina yi mata tsawa.

MAIMUNATU: Ina za ki sani? Ita ba ta hwaɗi, ni ba ni hwaɗi.

BASIRA: Ke da ko kallonta ba kya yi a gaban mutane.

MAIMUNATU: Cikin duhu wa ka ganina? Ke, bar wagga magana. Tana ina yanzu?

BASIRA: Tana ɗaki, ta kwanta tun da aka idar da salla.

MAIMUNATU: Tashi ki tai. Kak ki kashe waya. Kashe hitila, ki zamna ƙasa wajen ƙahwahunta, kak ki hau katihwa. Hannu na dama. Kak ki shahwa, kak ki yi mata tausa, aza ɗai ki zagaye idon sawun. Kuma kak ki ce ni nig gaya maki.

BASIRA: To wa zan ce, aljani? Bari, ga ni a ƙofar. Zan rage murya. Rufaida? Ni ce. A'a, yi kwanciyarki, zama kawai na zo yi.

MAIMUNATU: Ta hiddo ta?

BASIRA: Mm. Tana waje.

MAIMUNATU: Aza.

RUFAIDA: Inna Basira!

BASIRA: Na'am. Kada ki tsorata, hannuna ne.

RUFAIDA: Wa yag gaya maki?

BASIRA: Ba kowa. Rufe idonki.

RUFAIDA: Innata ta, ko? Ita ta cikin waya? Sun hita?

MAIMUNATU: Ce mata lahiya muke. Ce gari shiru.

BASIRA: Suna lafiya, gari shiru, yanzu za su fita.

RUFAIDA: In kinka ji wani abu, za ki matsa?

BASIRA: Haba 'yata, nan Gummi ne, babu abin da...

MAIMUNATU: A'a! Kak ki ce mata babu komi, ba ta yarda. Ce za ki matsa.

BASIRA: Zan matsa. Ina zaune, kunnena a buɗe. Ko ɓera ya motsa zan ji.

RUFAIDA: Ba ki kwana?

BASIRA: Ba zan yi barci ba. Aikina ne yau, ke naki ya ƙare.

RUFAIDA: Tau.

MAIMUNATU: Yanzu ki yi shiru, ni in yi ta magana, ke ki saurara ɗai. Kina jina?

BASIRA: Mm.

MAIMUNATU: Za ki ji ƙahwar ta yi tauri awa icce. Kak ki damu, haka taka hwarawa. Can sai 'yan yatsu su riƙa motsi. Daga nan sai ta zabura sau guda, awa wadda taz zame bakin rijiya. In taz zabura kak ki ƙara ƙarhi, nan na mutum ka kuskure. Bar hannun yadda shike.

BASIRA: Mm.

MAIMUNATU: Damina biyu ke nan muna haka. Daren hwarko tana da sha biyu. Jikinta na ta ɓari har karan gero na kaɗawa, wata tsohuwa na ta zungurina wai in hana ta, za ta tona mu. Mi za ni yi? Ba ni iya rungume ta gaban surukaina, ba ni iya lallashi da baki. Sai nil laluba cikin duhu nik kama abin da hannuna yat tarar. Tun daga ranan ta samu kwana. Ruwa shi sauko bisa kanmu, tana kwananta. Sauro, tana kwananta.

BASIRA: Kin taɓa matsawa?

MAIMUNATU: Sau biyu. Kak ki tambaye ni. Allah ya tsare, shi ke nan.

BASIRA: Yaya, ta zabura.

MAIMUNATU: Kin matsa?

BASIRA: A'a.

MAIMUNATU: Madalla. Jira kaɗan. Gobe kuma ki yi abin da nic ce, turmi da tulu, kuma babu kwanan la'asar. Kunun ki ci gaba da shi. Sakatar waje ki cire ta, yarinyag ga ba ta son ƙohwad da ba ta iya buɗewa. Ki sa mata safa a ƙahwar saboda sauro, ko ki ja gidan sauron shi ruhe har hannunki.

BASIRA: Mm. Ke fa? Wa kike riƙewa yanzu?

MAIMUNATU: Safa ko an buga ganga ba ta tashi, ba ta bukata. Hannun nan dai haka nika aje shi bisa ƙasa. Wani lokaci in ji na kama karan gero. Kak ki yi man dariya.

BASIRA: Ba dariya nake ba.

MAIMUNATU: Tau bar kukan, hannunki za shi yi rawa.

BASIRA: Yaya. Yaya, ƙafar ta yi nauyi. Ta sake gaba ɗaya. Wallahi bakinta a buɗe.

MAIMUNATU: Da gaske?

BASIRA: Na rantse da Allah. Barci take. Ko minti goma ba a yi ba!

MAIMUNATU: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Kai wayar kusa da hancinta.

BASIRA: Me za ki ji da wannan sabis ɗin?

MAIMUNATU: Ke dai kai.

BASIRA: To, ga shi... Kin ji?

MAIMUNATU: Na ji. Haka taka yi, da ɗan shessheƙa a ƙarshe. Ita ta.

BASIRA: Malam na shigowa zan yafuto shi ya leƙa da idonsa. Babu inda za ta je ranar Asabar, ko zan kwana a zaune har azumi.

MAIMUNATU: Allah shi biya ki, Auta. Allah shi ba Khalilu mai yi mai haka. Ga babansu can yana haska man tocila, mata sun hwara tahiya. Sai na sauka.

BASIRA: Allah ya tsare ku, ya kai ku safiya lafiya. Ki kira ni da asuba ko filashin ne. Kai, ga matar nan ta kamfani tana cewa katina saura minti ɗaya. Yaya, tsaya, tambaya ɗaya!

MAIMUNATU: Yi maza.

BASIRA: Hannuna ya fara sagewa, ga bayana ba jingina. Tunda ta yi nisa, yaushe zan ɗauke? In ta yi awa ɗaya? Ke yaushe kike ɗaukewa?

MAIMUNATU: Ja buhu ko matashi ki jingina. In na dama ya gaji, aza na hagu kahin ki ɗaga shi.

BASIRA: Na ji, amma yaushe ake ɗaukewa?

MAIMUNATU: Ban sani ba, Auta. Ni ban taɓa ɗaukewa ba sai an yi kiran sallar asu...

BASIRA: Alo? Yaya? Alo?